Duwatsun Faso

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin lissafin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da digirina ya yi kumfa a Sabon Gari ba. Ba salon magana nake ba. Kumfa nake nufi ta gaske, fara tas, mai ƙamshin sabulu, a gaban malamata da wasu 'yan kwangila waɗanda na tabbata har yau suna ba da labarina a wajen ɗaurin aure.

A lokacin ina digiri na biyu ne a fannin ilimin duwatsu. (Kada ka tambaye ni me ya kai ɗan Fagge karatun dutse. Shi aka ba ni a jami'a, na karɓa ina ƙunƙuni, daga baya na kamu da sonsa, daga nan kuma matsalata ta fara.) Iyayenmu mutanen Biu ne, sai dai mu duka a Fagge aka haife mu, Baba ma a Kano aka binne shi. A ƙasar Biu kuwa akwai tsaunukan da suka yi aman wuta tun kafin kakannin kakanninmu. Abin da suka amayar ya huce ya zama wani baƙin dutse mai huji-huji kamar cikin waina, saboda iskar da ta maƙale a cikinsa yana zafi. Ba shi da nauyi sosai, shi ya sa masu gini suke sha'awarsa. Tambayar da aka ba ni in amsa ita ce: idan irin wannan dutse ya riga ya sami ɗan tsagi, wane nauyi zai jure kafin tsagin ya zarce ya raba shi biyu? Shi ke nan fa. A kan wannan tambaya na ga furfurata ta farko.

Yadda ake aunawa ba wuya a baki. Za a fitar da dutsen mulmulalle kamar gwangwanin madara, a yanka shi faifai-faifai, a raba kowane faifai biyu ya zama kamar rabin wata. Sai a yi masa ɗan siririn tsagi a tsakiyar miƙaƙƙen gefen. Daga nan a ɗora shi a kan ƙarafa biyu, tsagin yana kallon ƙasa, inji ya riƙa danna shi ta sama a hankali har ya rabe, a rubuta nauyin da ya karya shi. Amma kaurinsa da faɗinsa da zurfin tsagin duk sai sun zama daidai, ko kaurin farce aka kuskure lissafi ya lalace. Kuma dole ya kasance busasshe, mai tsabta, babu abin da ya shiga hujojinsa. Ka riƙe wannan maganar ta ƙarshe, za ka neme ta nan gaba.

Digirin da ake yi a shekara biyu, ni ya ja ni har abokan karatuna suka yi aure suka fara kai yara makaranta. Yau yajin aiki, gobe injin gwaji ya lalace, jibi hanyar Biu ba ta biyuwa. Ƙarshe dai makaranta ta ce haƙurinta ya ƙare: ko in gama a wannan zangon, ko a share sunana. Zangon ma malamata ce ta roƙar min shi, Farfesa Rahila, mutuniyar wajen Zariya, mace mai tsare gida wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba, ita ma kuma a ƙarshen zangon za ta yi ritaya. A gida kuwa ga Kawu Adamu, ƙanin Inna, mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Duk haɗuwarmu maganarsa ɗaya ce: "Injiniya, ranar da ka gaji da wasan tsakuwa, shago na nan." Ba da mugunta yake faɗa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Babu abin da nake tsoro a duniya kamar ranar da zan amsa masa da to.

Yanzu sai maganar kalma, domin kalma ce ta kashe ni. Ni mutum ne mai ji da Hausa, irin masu cewa babu ilimin da ba za a iya faɗa da harshenmu ba. Da farko idan an tambaye ni me nake karantawa, sai in ce ina nazarin fashewar dutse. Haka na yi ta faɗa har ranar da na taso daga Biu da buhun duwatsu, aka tsayar da motarmu a wani shingen bincike. Wani mai kaki ya taɓa buhun da ƙafa ya ce na waye, me ke ciki. Na gyara tsayuwa na ce nawa ne, kayan nazarin fashewa ne. A hanyar arewa maso gabas fa! Ban rufe baki ba na ga fasinjojin da muka taho muna raba gyaɗa da su sun dare sun bar ni ni kaɗai. Sai da aka zazzage buhun a bakin titi, aka juya kowane dutse, na nuna katin makaranta, na rantse da duk abin da na sani, sannan aka bar mu muka wuce. Ba wanda ya sake yi min magana a motar har Kano.

A cikin wannan shirun ne na yanke shawarar canza kalma. Fashewa dai ta fita. In na ce tsaga kuma sai a zaci wanzanci nake koya. Sai na tuna da faso. Ai faso tsagewa ce da take farawa 'yar ƙarama a dunduniya ta yi ta zarcewa, daidai abin da nake aunawa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Tun daga ranar aikina ya zama "juriyar faso", kayan gwajina kuma "duwatsun faso". Har cewa nake a raina wata rana za a sa kalmar a ƙamus a ambaci sunana.

A Sabon Gari na samu wani mai yankan tayil, Oga Chidi, wanda ya yarda ya yanka min duwatsun bayan ya gama yi min kallon mai taɓin hankali. Makonni na yi ina jigila tsakanin Fagge da rumfarsa a adaidaita sahu, in dawo gida buɗu-buɗu kamar mai aikin injin niƙa. Rabin duwatsun a hannunmu suka farfashe. Daga ƙarshe na tashi da kwali guda cike da rabin wata, kowanne da tsaginsa, kowanne na rubuta masa lamba da jan fenti don in san tsaunin da ya fito. Na naɗe su ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar jarida, na tura kwalin ƙarƙashin gadona. Da yake injin makaranta har lokacin bai tashi ba, Farfesa ta roƙo mana rana guda tak a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan Sabon Gari, inda 'yan kwangila ke kai kankare a gwada musu ƙarfinsa.

Sai bikin ƙanwata Hauwa ya faɗo a tsakani. Wanda ya san biki a gidajen Fagge ya san namiji ba shi da wurin zama. Dangi suka cika gida daga Biu, aka ce in kwashe 'yan kayana in bar musu ɗaki. Ina cusa riguna a jaka, ana ta kirana a waya in je kasuwar Singa in karɓo katan-katan na lemo da taliya, sai Inna ta shigo da tsintsiya, ta jawo kwalin, ta warware jarida ɗaya.

"Wannan fa, Injiniya?" (Ita ma haka take kirana. Na gaji da bayanin cewa ni ba injiniya ba ne.)

"Duwatsun faso ne, Inna. Na makaranta."

Ta juya shi a hannunta, ta shafa shi da babban yatsa. "Na faso? Kai ka yi su?"

"Ni na yi su. Tun daga Biu na ɗauko dutsen."

"Ikon Allah. An gama su ke nan?"

"An gama, Inna. Sai aiki kawai."

Na saɓa jakata na fita ina amsa waya, wallahi ko a jikina. Na sha maimaita wannan hirar a kaina ina neman inda zan ɗora wa Inna laifi, ban samu ba. Duk abin da ta tambaya na amsa mata, kuma duk gaskiya na faɗa.

Bayan an kai amarya baƙi sun watse, na dawo gida a gajiye na shiga banɗaki da bokitina. Ina ɗaga kai sai na ga wani abu baƙi a rataye jikin ƙusa, kusa da soson wanka. Rabin wata ne. An zarga zare ta cikin tsagin da ni da Oga Chidi muka sha wuyar gyarawa, an ɗaure shi tam. Ruwa na ɗiga daga jikinsa, a gefe ɗaya ga ragowar jan fenti. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Ban yi wankan ba. Na fito da gudu na jawo kwalin, jaridu ne kawai a ciki, an ninke su tsaf.

Inna tana tsakar gida tana ware kwanukan aro. Kafin in buɗe baki ta riga ni, fuskarta cike da irin fara'ar da rabona da ganinta tun Baba yana da rai.

"Kai Injiniya, Allah ya yi maka albarka, ka fitar da ni kunya! Ranar sa lalle na raba su. Kowa robobi yake rabawa da kofuna, ni kuwa na ce ga abin da ɗana ya ƙera a jami'a, da dutsen garinmu. Da ka ga wawason da mata suka yi! Gwaggonka Asabe ta ce na kasuwa bai kama ƙafarsa ba, goga biyu kaushinta ya zube. Kuma ji hikima, har da wurin ɗaura zare ka yi musu."

Sai ta ɗan rage murya. "Shekara da shekaru ana tambayata me ɗanki yake karantawa, in ce dutse, a yi ta dariya. Ranar nan dai na nuna musu."

To kai da kake karantawa, me za ka ce mata? Na buɗe baki in ce Inna kin rusa ni, sai na ji kaina ina cewa, "Madalla, Inna. Amma akwai ɗan gwajin da ya rage a yi musu a makaranta. Sai an karɓo su tukuna, in an gama a mayar wa kowa nata." Ta ce ita dai ba ta iya karɓar kyautar da ta bayar ba, amma tunda aikin hukuma ne, in je in bi su da kaina. Ta lissafo min gidajen.

Allah kada ya nuna wa maƙiyinka abin da na gani a wannan makon. Ƙato da ni, da gemuna, ina bin lungunan Fagge gida-gida ina sallama da magidanta. Gidajen matan aure ne, ba shiga, dole sai ta hannun maigida. Ka tsaya a zaure, a gaisa, a tambayi gajiyar biki, a tambayi karatu, sannan ka sunkuyar da kai ka ce, "Alhaji, dama wani dutse na zo karɓa, yana banɗakin Hajiya." Wani dattijo ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Samari, me ya haɗa ka da banɗakin iyalina?" Wani kuma ya shiga ya daɗe, ina jiyo matarsa daga ciki tana cewa ita fa ƙafa ɗaya ta yi, a ce min in dawo jibi. Waɗanda suka bi baƙi zuwa Biu na sallama su. Waɗanda suka shiga hannun dangin ango kuwa, na je har ƙofar gidan surukar Hauwa, na tsaya, na tuna auren sabo ne, na juya.

Abin da na tattaro bai kai rabi ba, kuma ba su da kyan gani. Gefen da ya kamata ya miƙe sambal ya zama kamar bakin tsohon cokali. Lambobin duk sun goge. Wasu sun yi ja da lalle, wasu suna santsi da man shafawa. Abin da ke cikin hujojin kuwa, bari kawai in ce na san matan unguwarmu fiye da yadda ya halatta. Mai hankali a nan zai je ya faɗa wa malamarsa gaskiya. Ni kuwa na sayo sabon buroshin haƙori, na zauna a bayan ɗaki ina dirza su ɗaya bayan ɗaya ina share hawaye, na shanya su a kan kwanon rufi rana ta gasa su, na sake rubuta musu lambobi yadda zuciyata ta raya min. Na ce ai dutse ne, ba zai yi magana ba.

Ranar gwaji na isa tun kafin a buɗe, rungume da kwalina. Ɗaki ne mai faɗi, ga ƙaton inji a tsakiya, ga wasu 'yan kwangila a kan benci suna jiran a gama da mu a fasa musu kankarensu. Farfesa ta zo da jakarta da ɗan ma'aunin ƙarfen nan mai baki kamar sifana. Ta leƙa kwalin.

"Ina sauran?"

"Sun farfashe wajen yanka, Farfesa."

Ta dube ni. Ta ware wasu ta ce a auna nauyinsu, a zuba su a tukunya a tafasa. Haka ake yi don a san yawan hujin da ke cikin dutse: a tafasa shi har ruwa ya kori iska ya cike kowane huji, sannan a sake aunawa. Ni na karanta wannan, ni na rubuta shi da hannuna a babi na uku, amma ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa tafasasshen ruwa zai shiga inda buroshi bai kai ba. Mai kula da ɗakin ya ɗora tukunyar a kan murhun lantarki a can gefe, muka koma kan inji.

Farfesa ta ɗauki ɗaya ta sa masa ma'auni. Ta cire, ta goge tabarau, ta sake sawa.

"Wa ya yanka maka waɗannan? Gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Kuma me ya sa bakinsa ya yi sumul haka?"

"Halin dutsen ne, Farfesa," in ji ni.

Ta ce to mu gwada ɗaya mu gani. Na kafa wayata a kan ɗan maƙali tana fuskantar injin, don ta ɗauki bidiyon yadda tsagin zai zarce. Aka ɗora dutsen, inji ya fara saukowa a hankali. Ɗaki ya yi tsit, har 'yan kwangilar suka miƙo wuya. Shekarun da na yi ina jiran wannan lokacin! Sai ji muka yi ƙas. Dutsen ya karye, amma ba ta tsagin ba. Ta can gefe ya ɓalle, inda dunduniyar wata baiwar Allah ta cinye shi.

Kafin Farfesa ta yi magana, wani ƙamshi ya fara zagaye ɗakin. Ƙamshi ne da duk wanda ya tashi a cikin mata ya sani: sabulun salo, da sabulun wanka mai turare, da ɗan warin lalle a ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikin 'yan kwangilar ya shaƙi iska ya ce, "Wai wanki ake a nan ne?" Muka waiwaya gaba ɗaya. Murfin tukunya yana rawa, kumfa ta ɗago shi, ta gangaro ta gefe, ta sauka kan murhu tana cuuu, ta biyo tebur tana neman ƙasa. Mai ɗakin ya ruga ya kashe wuta yana salati, yana cewa shi tunda yake bai taɓa ganin dutse ya yi kumfa ba.

Ni kuwa, da yake an rubuta sai na ƙarasa kaina da kaina, na ce, "Wataƙila wani sinadari ne a cikin dutsen, Farfesa. Kin san duwatsun aman wuta."

Ta nufi tukunyar. Ta sa awartaki ta ciro ɗaya, ta kai shi kusa da hanci, ta juya shi. Sannan ta sa bakin biro cikin tsagin ta jawo wani ɗan guntun koren zare, ta ɗaga shi sama tana kallo.

A daidai nan wayata ta fara ruri a jikin maƙalinta. Sunan ya fito ɓaro-ɓaro, kowa na gani: Inna. Na ce zan kira ta anjima. Farfesa ta ce, "Mahaifiyarka ce, ɗauka." Na kai yatsa, ban san lokacin da na danna lasifika ba.

"Injiniya, kun gama gwajin? Gwaggonka Asabe ce ta zo ta tsare ni. Ta ce don Allah kada a musanya mata, nata shi ne mai koren zare. Wai fasonta ya fara dawowa. Ka ce wa malaman naku su hanzarta, mutane na jira."

Ban san wanda ya fara ba. Na dai ga wani Alhaji mai babbar riga ya zamo daga kan benci yana riƙe da ciki, wani yana dukan bango, mai ɗakin ya fita waje don kada a ce ya yi wa baƙi dariya, amma muna jiyo shi. Na ce, "To Inna," na kashe. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai ni na fi kowa a ɗakin sanin irin nauyin da ake bukata kafin ta tsage.

Farfesa Rahila kaɗai ce ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ajiye zaren a kan tebur ta ce in biyo ta waje. A bakin titi, cikin hayaniyar masu adaidaita da masu kayan gini, na zayyana mata komai, tun daga shingen bincike har buroshin haƙori. Ta saurara har na gama.

"Da ka zo min da gaskiya ranar da abin ya faru," ta ce, "wataƙila da na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Yanzu ranar ta ƙone, kuma ba zan sa hannu a kan lambobin da ka ƙirƙira ba." Sannan ta ƙara da maganar da har yau take sukata. "Ɗana, duk shekarun nan, ba ka taɓa zama ka gaya wa mahaifiyarka abin da kake yi ba?"

Na iya yi wa fasinjoji bayani, na iya yi wa Oga Chidi, na iya ƙirƙiro kalma saboda ƙamus. Matar da take dafa min abinci in ci in tafi ɗakin karatu kuwa, kullum sauri nake, "na makaranta ne" kawai take samu.

Ba wani abin al'ajabi da ya faru bayan nan. Lokacin komawa Biu a sake yanka ya riga ya ƙure. Zango ya ƙare, Farfesa ta yi ritaya, aka share sunana. Na yi kwanaki a ɗaki ba na son ganin ko tsakuwa. Baƙin cikin da na yi, ban yi irinsa ba tun rasuwar Baba, kuma ta wani wajen wannan ya fi ciwo, domin ba mai zuwa maka jaje, in ma ka ba da labarin dariya za a yi. Inna na ce mata an gama karatu, takarda ce sai a hankali. Na mayar wa Gwaggo Asabe nata tafasasshe, ta ce ya ma fi da kyau. Wata safiya na sa hulata na tafi Kwari. Kawu Adamu ya matsa min a kan benci, ya nuna min yadda ake jera turamen atamfa.

Yanzu a nan nake. Yini nake a kan ƙafa da silifa, daga shago zuwa sito, daga sito zuwa bakin titi wajen masu lodi. Kwanan baya ina alwala a tsakar gida, Inna ta tsaya a kaina tana kallon ƙafata.

"Subhanallahi, Injiniya, dubi dunduniyarka! Kai da ka yi wa mutane magani?"

Ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwatin ƙarfen da take ajiye kayan Baba. Ta fito da wani abu naɗe a jarida.

"Ungo. Tun ranar na ɓoye ɗaya, na ce wannan ba mai taɓa shi, aikin ɗana ne na farko. Amma tunda mai shi na bukata."

Na warware. Ga shi nan yadda ya fito daga hannun Oga Chidi, gefensa a miƙe, tsaginsa siriri, jar lambata ko ƙwarzane babu. Busasshe, mai tsabta, babu abin da ya shiga hujojinsa. Shi kaɗai ya rage a duniya wanda za a ɗora a kan inji a sami amsar gaskiya, kuma dutse ɗaya ba ya ba da digiri. Inna na tsaye tana jira ta ga na ji daɗi.

Na ce, "Inna, zauna in gaya miki amfanin wannan tsagin."

Ta ce, "Na sani mana, na zare ne. Bari in samo maka." Ta juya ta shige ɗaki, ni kuma ban kira ta ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, ga shi kuma na biya shi da tsada. Idan mahaifiyarka ta jawo kwali ta ce wannan fa, ajiye wayar, lemon Singa ba zai gudu ba, ka zauna ka ba ta amsa mai tsawo. Kuma kafin ka yi wa ilimi sabon suna, ka fara tambaya ko sunan yana da masu shi a gida.

Dutsen yana nan rataye a banɗaki da farin zare. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Gwaggo Asabe gaskiya ta faɗa: goga biyu.